A Zaɓi Hanya Kafin a Zaɓi Jirgi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma ba kowace tafiya ce take buɗe ilimi ba, sai wadda aka shirya da hankali. Muna so mu ɗauki misali daga ƙasar Suwizalan, wadda muke karantawa a darasin labarin ƙasa, inda jiragen ƙasa suke hawa duwatsun Alps. Dubban baƙi sukan tara kuɗi shekara da shekaru domin su yi wannan tafiya sau ɗaya a rayuwarsu. A ganinmu, yawancinsu suna fara zaɓi ta inda ya kamata su ƙare. Sukan tambayi jirgin da ya fi suna, alhali tambaya ta fari ita ce, wace hanya ce take bi ta wurin da nake so in gani?

Ga dalilinmu. Jirgin da ya fi suna shi ne Glacier Express, wanda ya soma aiki a 1930. Yana tashi daga Zermatt zuwa St. Moritz, tafiyar wajen awa 8, ya haye gadoji 291, ya ratsa ramuka 91 da aka haƙa cikin dutse. An raɗa masa wannan suna ne saboda daskararren kogin ƙanƙara na Rhone, wanda a dā fasinjoji suke hangowa ta taga. Amma tun 1982, da aka buɗe dogon rami a ƙarƙashin dutsen Furka, jirgin yana wucewa ta cikin duhu a daidai wurin. Wanda ya sayi tikiti saboda suna kawai, zai sauka bai ga wannan ƙanƙara ba. Tsohuwar hanyar tana nan, domin masu aikin sa kai sun gyara ta, har suka kammala a 2010. Jirgi mai aiki da tururi ne yake binta, kuma a lokacin zafi kaɗai.

Sai mu dubi hanya ta biyu, wato daga Chur zuwa Tirano a Italiya, wadda Bernina Express yake bi cikin wajen awa 4. Jirgin yakan hau har mita 2,253 a tashar Ospizio Bernina, kusan ninki biyu na tudun garin Jos ke nan, sa'an nan ya gangara zuwa mita 429. A hanya ana ganin ƙanƙara da farin tafkin Lago Bianco, da gadar Brusio wadda take zagaye kamar gammo. A 2008 hukumar UNESCO ta sa layin Albula da na Bernina cikin kayan tarihi na duniya. Mai duba taswira kuma zai lura cewa jiragen nan biyu duk suna bin layin Albula, duk suna haye gadar Landwasser mai tsayin mita 65. Wanda ya hau su duka biyu ya biya kuɗin ganin wuri ɗaya sau biyu.

Bayan an zaɓi hanya, sai batun jirgi. A nan ma muna da ra'ayi. Jiragen yau da kullum, waɗanda ma'aikata da 'yan makaranta suke hawa, suna bin wannan dogo ɗin, kusan kowace awa. Ba a biyan kuɗin kama kujera, wanda tilas ne a cikin taragun baƙi masu manyan gilasai. Mafi muhimmanci, mutum yana iya sauka a ƙaramar tasha kamar Alp Grüm, ya zauna ya kalli duwatsu son ransa, ya jira jirgi na gaba.

Wani zai ce ai manyan jiragen ma suna da amfaninsu. Gaskiya ne. Tsoho, ko mai kaya da yawa, ko uwa mai ƙananan yara, zai fi musu sauƙi su zauna wuri ɗaya ba tare da canja jirgi ba. Ba mu ce kada kowa ya hau su ba. Abin da muka ƙi shi ne mutum ya bar talla ta yi masa zaɓi.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan aji shida da za su bar mu bana, ko da ba za mu taɓa taka Suwizalan ba, wannan magana ta shafe mu. Za ku zaɓi makarantar gaba da sana'a, kuma za ku ji sunaye masu daɗi da yawa. Ku buɗe taswira tukuna, ku tambayi waɗanda suka riga ku bin hanyar, ku san inda take kaiwa da abin da za ta ci muku. Bayan haka ne za ku sayi tikiti.