Girmama Mai Rai Ya Fi Gina Dutse Wuya

Ran 5 ga Oktoba 2014 Shugaba Obama ya buɗe wani dandali a birnin Washinton na Amurka, kusa da majalisar ƙasa, don girmama sojojin da suka komo daga yaƙi da nakasa. Galibin wuraren tunawa da soja na matattu ne. Wannan kuwa na masu rai ne, watau waɗanda suka bar ƙafa ko hannu ko ido a fagen fama.

Ba abin da za a tsaya daga nesa a kalla ba ne, shiga cikinsa ake yi. Akwai tafki mai siffar tauraro, wuta tana ci a tsakiyar ruwan. Akwai alluna 48 na gilashi, an zana hotunan sojojin da maganganunsu a jiki. Mutum yana tafe yana karantawa, sai ya ga inuwarsa ta haɗu da tasu a cikin gilashin. Lalle masu wannan aiki sun yi hikima, gama wanda ya bi ta wurin ba ya fita da zuciyar da ya shiga da ita.

To, amma ga abin lura. A cikin wannan shekara ta 2014 asiri ya tonu cewa a asibitin 'yan mazan jiya na birnin Finiks ana ɓoye sunayen majinyata masu jiran likita wata da watanni, har waɗansu suka mutu suna jira. Maganar ta yi zafi har ministan ma'aikatar, Janar Shinseki, ya ajiye aiki a ƙarshen Mayu. Ashe gilashi da wuta ba su yi wa gurgu magani.

Mu mutanen zango wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu da yawa sun yi soja a rundunar Gwalkwas, inda Hausa ce harshen bariki, suka tafi har Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka komo, alkawarin aiki da na kuɗin sallama bai cika yadda suka zata ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 'yan mazan jiya suka nufi gidan Gwamna a Osu da takardar kuka, aka buɗe musu wuta, aka kashe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Kowace shekara ana ajiye furanni a mararrabar da suka faɗi. Madalla da wannan. Amma abin da suka fita nema hakkin mai rai ne.

Har ila yau kuwa cikin unguwanninmu akwai waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan da Laberiya. Wani raunin nasa a jiki yake, wani kuwa a zuci, ba ya iya barci sai firgita. Irin wannan ba mai gani, sai matarsa da 'ya'yansa.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane reshe na ƙungiya ya rubuta sunayen tsofaffin sojojin unguwarsa. A sa samari masu ilmin boko su taimake su bin takardun fansho da na asibiti. A riƙa kai musu ziyara, ba sai ranar jana'iza ba. A zauna a ji labarinsu daga bakinsu a rubuta, tun ba a rasa su ba, gama in bango ya faɗi ba a tambayarsa abin da ya gani.

Ba mu da kuɗin gina tafki da gilashi, amma muna da ƙafar zuwa gaisuwa. Wanda ya ba da ƙafarsa don jama'a, ai bai kamata jama'a su yi masa rowar tasu ba. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.