Yajin aikin ASUU: Wa ya lissafa asarar ɗalibai?

Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, yajin aikin ƙungiyar ASUU ya rufe azuzuwa a jami'o'in gwamnatin tarayya. Gwamnatin Buhari ta riƙe albashin malamai bisa hujjar cewa ba su yi aiki ba, daga bisani Shugaba Tinubu ya amince a biya su na wata huɗu. Ke nan asarar malamai tana da lissafi, tana kuma da teburin da ake tattauna ta.

Ta ɗalibai kuwa ba wanda ya ɗauki alƙalami a kanta. Kuɗin hayar ɗakin da suka biya ya ƙare suna zaune a gida. Wanda jinkirin ya sa ya haura shekara 30 kafin ya kammala karatu ya rasa damar yi wa ƙasa hidima, domin dokar NYSC ba ta ware wanda yajin aiki ya tsufar ba.

Ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta tare hanyar filin jirgin saman Legas a Satumban shekarar, amma a zaman sulhu ba ta da kujera. Da aka koma aji, sai jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista a 2023.