SANIN ƘASA: Gidan tarihi rumbun jama'a ne

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. In kaka ta yi, ba a cinye hatsi duka. Ana zaɓen zangarniya mai kyau, a ɗaure, a ajiye don iri. Gidan da ya cinye irinsa, ran da ruwan shuka ya sauka sai ya shiga gari roƙo.

Ƙasa ma tana da rumbu irin wannan. A cikinsa ake ajiye kayan kakanni: kayan noma, kayan kiwo, tufafi, makamai da kayan kiɗa. Sunansa gidan tarihi. Da Faransanci ana ce masa muze. Akwai ɗaya a Damagaram, akwai ɗaya a Doso. Babbansu yana Yamai. Shi ne filin wannan wata zai yi bayani a kansa.

Yadda aka kafa shi

An buɗe gidan tarihi na Yamai ran 18 ga watan Disamba 1959. Ranar nan Jamhuriyar Nijar ta cika shekara ɗaya. Mutum biyu suka fi ɗaukar nauyin aikin. Na farko shi ne Bubu Hama, mutumin Foneko ta ƙasar Tera. Malamin lakwal ne, kuma ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Ya rubuta littattafai masu yawa a kan tarihin ƙasa. Ya kuma tara tsofaffin takardun Larabci da na ajami daga hannun malamai, don kada gara ta cinye su. Na biyu wani Bature ne mai suna Pablo Tuse. Shi ne ya fara shugabantar gidan. Bubu Hama ya rasu a 1982. A 2008 aka sa wa gidan sunansa.

Filin gidan ya kai hekta 24, ba nisa da bakin kogi. An shafe ɗakunan da fari da shuɗi, da zane irin na maginan ƙasar Hausa. Tun farko an so ya zama wurin kowa da kowa. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba, shi ma zai gane abin da ke ciki, don da ido ake karatun wurin. Gani ya kori ji.

Abin da ake gani a ciki

Akwai ɗakin tufafi. A nan ake ganin shigar Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Barebari da Tubawa. Akwai ɗakin kayan kiɗa, inda aka jera goge, gurumi, kalangu, ganga da algaita. Akwai takubba, masu da garkuwa na mayaƙan da. Akwai sirdi da kayan ado na doki da na raƙumi. A 1985 aka ƙara ɗakin uraniyom, don a nuna wa jama'a abin da ake haƙowa a Arlit.

A fili kuma an gina gidaje irin na kowace kabila: ɗakin laka, bukkar kara, tantin fata. Bahaushen Maraɗi zai ga yadda Buzun Abzin yake kafa tanti. Makiyayin Tawa zai ga kayan masunta na bakin kogi. Ta haka mutanen ƙasa ɗaya suke sanin juna, ko da ba su taɓa zuwa garuruwan juna ba.

Akwai kuma wurin namun daji: zaki, kura, dorina, kada, jimina da birai. Tsofaffi da yawa sun san lokacin da kura ke kuka bayan gari. Yaran yanzu sai a labari suke jin ta. Shi ya sa ranakun salla gidan yake cika da yara.

Itacen Tenere

Akwai wani busasshen itace da aka yi wa ɗaki shi kaɗai. Baƙo yakan yi mamaki. Me ya sa aka girmama gungume haka?

Itacen ƙaya ne, irin wanda ake kira kandili. Da yana tsaye a tsakiyar Tenere, kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Babu wani itace kusa da shi sai an yi doguwar tafiya. Da aka haƙa rijiya a gefensa, tsakanin 1938 da 1939, an tarar saiwarsa ta nutse fiye da mita 30 tana neman ruwa. Madugai da shi suke gane hanya. Ayari bayan ayari sun sauka a gindinsa, da sanyi, da yunwa. Amma ba su sare shi don hura wuta ba. Kowa ya san in ya faɗi, na baya za su sha wuya.

A 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. Ran 8 ga watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo shi Yamai. A wurin da yake da, an kafa itacen ƙarfe don alama. Duk mai ɗaukar gatari ya shiga daji, ya kamata ya ji wannan labari.

Ƙasusuwan Gadufawa

Gadufawa wani wuri ne cikin hamada, kudu maso gabas da Agadas. A shekarun 1965 da 1966 wani masani ɗan Faransa, Filip Take, ya tono ƙasusuwan manyan dabbobi a can. Ƙasusuwan sun daɗe har sun zama dutse. Ana kiran irin waɗannan dabbobi dinozor. Ɗaya daga ciki tsawonsa ya kai mita 7, ganye yake ci. An haɗa ƙasusuwansa a gidan tarihi, yana tsaye. Akwai kuma na wani kada da tsawonsa ya kai wajen mita 10.

Masana sun ce dabbobin nan sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Kada ba ya zama inda babu ruwa. Ke nan inda yau rairayi ne zalla, a can da akwai gulabe da itatuwa.

Gidan da ake aiki a ciki

Gidan tarihi na Yamai ya yi suna saboda wani abu guda. Bai tsaya ga ajiyar tsofaffin kaya kaɗai ba. An kira masu sana'a, an ba su rumfuna cikin gidan. Akwai maƙeran fari masu aikin azurfa irin na Agadas. Akwai dukawa masu jaka da takalma. Akwai masaƙa, masassaƙa da masu ginin tukwane. Suna aiki a gaban jama'a. Mai kallo yana ganin yadda ake yi tun daga farko har ƙarshe. In kayan sun yi masa, ya saya. Mai sana'a ya samu abin kai wa gida, sana'ar kuma ba ta mutu ba.

An kuma buɗe wurin koyon sana'a don yaran da suka bar lakwal ba su samu takarda ba. Ana koya musu ɗinki, aikin katako, walda da aikin lantarki. Guragu da makafi ma an ba su wurin aikin hannu. Wanda da yake zaune bakin hanya yana bara, sai ga shi yana cin guminsa.

Wannan darasi ne ga ƙauyuka. Sana'a ba ta zama cikin akwati. A hannun mutum take zama. In tsohon maƙeri ya rasu bai koya wa kowa ba, za a iya ajiye uwar maƙerarsa da zugazugansa. Amma yadda yake gane ƙarfe ya nuna a wuta, wannan ya tafi da shi kabari. Haka yake ga masu tukwane na Mirya da dukawan Damagaram.

Abin da ya faru a Bura

Bura wani ƙauye ne a ƙasar Tera. A 1975 wani saurayi ya tsinci kawunan mutum-mutumi na yumɓu a daji. Labari ya kai Yamai. A 1983 wani masanin tarihi ɗan ƙasa, Bube Gado, ya je da ma'aikatansa suka yi haƙa a hankali. Sun tarar da tsohuwar maƙabarta. A ƙaramin fili sun samu tuluna fiye da 600, an kife su a kan ƙasa. Sun samu mutum-mutumin wani mahayi bisa dokinsa. Wasu kayan sun fi shekara 1000. Kafin nan ba wanda ya san an yi irin waɗannan mutane a wurin.

Daga 1993 aka nuna kayan Bura a Faransa da wasu ƙasashe. Masu kuɗi na waje suka gani, suka so. Sai dillalai suka shiga ƙauyuka suna neman tuluna. Talauci da fari sun matsa wa mutane. Da yawa suka ɗauki diga da shebur suka shiga tono. Aka farfasa tuluna, aka watsar da ƙasusuwan matattu, aka kwashe masu kyau zuwa ƙetare. Manomi ya karɓi ƴan kuɗi kaɗan, ya cinye cikin kwanaki. Dillali ya sayar a waje da tsada. Wurare da yawa sun lalace, ba su gyaruwa har abada. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan da ake gargaɗin kada kowa ya saya.

Wani zai ce: tulu ne kawai, ina ruwan wani in an tono shi? Ga amsa. Masani ba tulun kaɗai yake dubawa ba. Yana duba zurfin da aka same shi. Yana duba abin da ke gefensa: gawayi, ƙashi, tsaba, guntun ƙarfe. Da gawayin ake auna shekaru. Da tsabar ake sanin abin da mutanen suka noma. Da ƙashin ake sanin dabbobin da suka kiwata. In an fizge tulu daga wurinsa, duk wannan labari ya ɓace. Kamar a yage takarda ɗaya daga littafi ne, a ƙone sauran.

Gwamnati ta yi doka a kan wannan ran 30 ga watan Yuni 1997. Dokar ta hana haƙa tsofaffin wurare ba da izini ba. Ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba. Amma jandarma ba ya iya tsaron kowace gona. Mai gona shi ne mai tsaro na farko.

Abin da ya kamata a yi

Manomi yana huɗa, ko yana haƙar rijiya, ko yana ɗibar laka, yakan ci karo da tsohon abu. Makiyayi ma yakan ga zane a jikin dutse, ko kibiyar dutse, ko tarin kashin tama inda mutanen da suka narka ƙarfe. In haka ta faru:

Na ɗaya, kada a ciro abin. A bar shi inda yake, a rufe da ƙasa, a sa alama.

Na biyu, a gaya wa mai gari. Mai gari ya sanar da sarki, sarki ya sanar da hukuma.

Na uku, in baƙo ya zo yana tambayar tsofaffin tuluna, ko takubba, ko takardun malamai, yana nuna kuɗi, kada a sayar masa. A kai maganarsa wurin mai gari.

Na huɗu, kada yara su yi wasa da kayan, kada a kankare zanen dutse ko a rubuta suna a kansa.

Akwai kuma aikin da ya dace da waɗanda suka yi yaƙi da jahilci. A kowane gida akwai tsohon abu: akushin kaka, sungumi, wasaki, tsohon sirdi, zanen saƙi. Mai karatu ya ɗauki alƙalami da takarda, ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa. Ya tambaya: mene ne sunan wannan? Wa ya yi shi? A wane gari? Zamanin wane sarki? Yaya ake aiki da shi? Ya rubuta amsa, ya sa ranar da aka yi hirar, ya ajiye takardar tare da abin. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon da ke da labarin yau yana nan, baɗi sai yadda Allah ya so.

Wanda kuma tafiya ta kai shi Yamai, ko Damagaram, ko Doso, bayan ya gama cinikinsa ya tambayi hanyar gidan tarihi. In da hali ya tafi da ɗansa ko ɗiyarsa. In sun komo gida, su ba mutanen gari labarin abin da suka gani.