Laifin Wa Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, na gaji da ƙorafin da wasunmu ke yi, wai 'yan mishan sun mamaye ƙauyukan Maguzawa da karatun Littafi Mai Tsarki. To, laifin wa ne? Tun 1932 aka buga littafin nan da Hausa, bayan wahalar da su Likita Mila suka sha wajen fassara. Mutanen nan sun zauna a ƙauye, sun koya wa Bamaguje karatu da harshensa, sun yi wa ɗansa magani. Masu ƙorafin kuwa arne suke kiransa, ko tuwonsa ba sa ci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Hutu na tafe. Wanda abin ya dama ya ɗauki allo ya nufi ƙauye, ko ya yi mana shiru.