Basine na rubuta dubban alamomi a waya, Bahaushe ya kasa rubuta ƙ

Sunan garin Ɓaɓura yana da harafi mai lanƙwasa har biyu, amma a katin gayyatar aure da saƙonnin WhatsApp kusan kullum "Babura" ake gani. Haka lamarin yake a shagunan buga takardu na Kazaure, Roni da Gwiwa. Uzurin ɗaya ne: wai kwamfutar Bature ba ta san Hausa ba.

Wannan uzuri ba ya tsayawa idan aka dubi ƙasar Sin. Basine yana buƙatar alamomi kusan dubu uku kafin ya karanta jarida, ga shi madannan kwamfutarsa irin na kowa ne. Sai ya rubuta lafazin kalmar da boko, a tsarin Pinyin da gwamnatinsu ta amince da shi a 1958. Da ya buga "ma", manhajar za ta jero masa alamomin da ake furtawa haka, har da na uwa da na doki, ya zaɓi wanda yake nufi. A Koriya kuwa, haruffan Hangul 24 ne, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443. Baƙaƙe na hannun hagu, wasula na dama, na'urar ce ke harhaɗa su cikin gaɓa yayin da ake bugawa.

Shi Bahaushe ɓ da ɗ da ƙ da 'y kawai ake nema a wurinsa. Manhajar Gboard da ke wayoyin Android tana da madannan Hausa, kunna su ba ya cin minti biyu. Abin da ya rage sakaci ne, da kuma rashin mai nunawa.

Masu cewa ai mai karatu zai gane daga ma'anar jimla suna da gaskiya a hirar abokai. Amma "ya daure" daban, "ya ɗaure" daban, kuma takardar cinikin gona ba wurin cinke ba ce. Yaron firamare da ke ganin "kafa" a inda ake nufin "ƙafa" zai tashi yana zaton haka ake rubutawa.

Kazaure na da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda matasa ke koyon kwamfuta, wasunsu kuma su ne gobe za su buɗe shagunan buga takardu a yankin. Darasi guda kan saka madannan Hausa a waya da kwamfuta ya isa, kuma ba ya buƙatar sabon kasafi.