Wani Ya Sayi Tsohon Rumbun Katun, Mu Muna Biyan Kuɗin Awo Duk Wata

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da masu ƙananan sana'o'i a kan wani abu da ya shigo gidajenmu muna kallonsa kamar wasan yara, alhali kuwa kasuwanci ne babba.

Ni manomi ne, da rani kuma ina kasa kayan tireda a bakin kasuwa. Shekaru uku da suka wuce, bayan na sayar da waken suya, na sayi ɗan sola da talabijin da dikoda saboda labarai da ƙwallo. To amma yau in ka zo gidana, rimot ba ya hannuna, yana hannun yara, kuma tashar da suke so ita ce Cartoon Network, wadda ba ta nuna komai sai katun, wato zanen nan mai motsi. Ranar da kuɗin wata ya ƙare hoto ya ɗauke, kuka ake yi a gidan kamar an yi rashi. Wannan ya sa na ce sai na san asalin abin da nake biya wa kuɗi. Ƙanena malamin makaranta ne, shi ya zauna ya karanta mini tarihin tashar yana fassarawa, kuma abin da na ji ne ya hana ni yin shiru.

Wanda ya kafa ta wani attajiri ne na Amurka mai suna Ted Turner, mutumin birnin Atlanta, wanda shi ne ya buɗe tashar labarai ta CNN a 1980. Shi ba mai zane ba ne, ɗan kasuwa ne kamar ni da kai, sai dai jarinsa ya fi namu nesa ba kusa ba. A 1986 ya sayi wani tsohon kamfanin fina-finai mai suna MGM a kan kuɗi wajen dala biliyan ɗaya da rabi. Bashi ya yi masa yawa, a cikin shekarar ya sake sayar da kamfanin, amma ya riƙe abu guda, wato ɗakin ajiyar tsofaffin fina-finai. Kamar mutum ne ya sayi gida da gona da rumbu, ya mayar da gidan da gonar, ya ce a bar masa rumbun kawai. A cikin rumbun nan akwai Tom and Jerry, kyanwar nan da ɓera da kowa ya sani, akwai Popeye mai cin ganye ya yi ƙarfi, akwai kuma tsofaffin katun na zomon nan Bugs Bunny.

Bai tsaya nan ba. A 1991 ya ƙara sayen kamfanin Hanna-Barbera a kan dala miliyan 320. Wannan kamfani mutum biyu ne suka kafa shi a 1957, William Hanna da Joseph Barbera, kuma su ne dai suka ƙirƙiro Tom and Jerry tun 1940 lokacin suna yi wa MGM aiki. Daga baya suka yi The Flintstones a 1960, da karen nan matsoraci Scooby-Doo a 1969. Da Turner ya ga ya tara kaya sun kai a buɗe shago, sai ya buɗe Cartoon Network ranar 1 ga Oktoba, 1992, tana nuna katun dare da rana ba tsayawa. A 1993 ta ƙetara Turai. Mu kuwa nan Afirka ta iso mana ta hanyar tauraron ɗan'adam, bayan da aka fara DStv a 1995, kuma a wancan zamani sai a gidan manyan ma'aikata da alhazan birni ake ganinta. Sai da ƙananan dikodoji masu sauƙin kuɗi suka yawaita bayan 2010 sannan irin waɗannan tashoshi na biya suka shigo gidan talaka.

Jama'a ku duba da kyau. Ranar da aka buɗe tashar nan kusan duk abin da ke cikinta tsohon kaya ne. Wasu zanen an yi su tun lokacin yaƙin duniya na biyu, tun kafin a haifi mahaifina. An riga an biya masu zanen haƙƙinsu tuntuni, an nuna a silima an ci riba, an jibge a ɗaki. Mutum ɗaya ya gane cewa yaro ba ruwansa da shekarar da aka yi zane, domin kowace shekara ana haihuwar sababbin yara waɗanda ba su taɓa gani ba. Ni in na ajiye masara ta wuce shekara biyu, ƙwari sun cinye rabi. Shi kuwa hatsinsa ba ya ruɓewa, kuma in ya auna maka mudu ɗaya yau, gobe mudun yana nan a rumbu zai sake auna wa wani. Ni kaina na kalli Tom and Jerry ina ɗan firamare, a talabijin baƙi da fari mai aiki da batirin mota a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu. Yau ga ɗana yana dariya a daidai wurin da na yi dariya, bambancin kawai ni kyauta na kalla, shi kuwa ina biya masa duk wata.

Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, ba su zauna a kan tsohon kaya kawai ba. Da kuɗi suka shigo sai suka ɗauki matasan masu zane suka fara yin sababbi, irin su Dexter's Laboratory a 1996, da Johnny Bravo a 1997, da The Powerpuff Girls a 1998. Tsofaffin kuma aka ware musu tasu tashar daban mai suna Boomerang a shekara ta 2000, ka ga rumbu ɗaya ya haifi shago biyu ke nan. A ƙarshen 2005 aka fito da Ben 10, yaron nan mai agogon rikiɗa. A nan ne abin ya taɓa sana'ata, domin na sha sayar da jakar makaranta da agogon roba da fensir masu hotonsa, kuma na ga yadda yaro zai kwanta a ƙasa yana birgima sai an saya masa mai hoton, ko da marar hoton ta fi ƙwari kuma ta fi araha. Ashe tashar ba nishaɗi kaɗai take sayarwa ba, tana koya wa yaro abin da zai nema a kasuwa. Ita kanta tashar haja ce da ta yi ta sauya hannu: a 1996 kamfanin Turner ya haɗe da Time Warner, a 2018 kamfanin waya na AT&T ya saye su, a 2022 kuma aka haɗa su da Discovery.

Wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani, a can Amurka tun 2001 tashar ta ware dare domin katun na manya zalla, wanda suke kira Adult Swim. Wato su da kansu sun san ba kowane zane ba ne na yara. Mu kuwa da mun ga zane sai mu ce ai 'yar tsana ce, mu bar yaro da rimot ko da waya mu tafi harkarmu.

Ni ba na cikin masu cewa a fasa talabijin ko a hana yara kallo ɗungurungum. Yaran sun tsinci 'yan kalmomin Turanci a ciki, kuma gara suna gida da a ce suna yawon bakin titi. Abin da ke damuna shi ne namu rumbun. Kwanan baya da daddare wuta ta ƙare a batir, na ce wa yara ku zo in yi muku tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. 'Yar autata ta tambaye ni, Baba, a wace tasha ake nuna shi? Wallahi na yi dariya, amma da na kwanta abin ya tsaya mini a rai. Mu a wurin kaka muka ji Gizo da Botorami da Dodo, a tsakar gida da farin wata. Tsofaffin nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi da nata rumbun a ka. Wayon Gizo bai fi na ɓeran Bature ba ne? Ai ko kusa ɓeran bai kama ƙafarsa ba. Bambancin shi ne wancan an zana shi, an adana, an san mai shi.

Kada wani ya ce ɗan Nijeriya ba zai iya ba. Adamu Waziri ya yi katun ɗin Bino and Fino a Abuja. Wani matashi Ridwan Moshood ya ci gasar da Cartoon Network ta shirya wa masu zane na Afirka a 2018, kuma a 2023 ta nuna katun ɗinsa mai suna Garbage Boy and Trash Can. A 2025 ta nuna Iyanu na Roye Okupe, wanda aka gina a kan al'adun Yarabawa. To ina na Hausa a wannan sahu, ga shi muna da masana'antar fim a Kano da ta shekara fiye da talatin tana aiki?

Don haka ina kira ga masu shirya fina-finan Hausa da su rage ko da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da suke zubawa a fim ɗin soyayya da rawa, su ɗauki yaranmu masu hannun zane, waɗanda muke gani suna zana bayan motoci da allunan shaguna, a koya musu aikin kwamfuta. Ina kira ga gidajen talabijin da rediyo na jihohinmu da su duba tsofaffin kaset-kaset na wasannin kwaikwayo da shirye-shiryen yara da ke ɗakunan ajiyarsu, su mayar da su cikin na'urar zamani tun ƙura da zafi ba su gama da su ba. Attajiranmu kuma masu sayen filaye da gidajen mai, ga wata gona nan da ba a kai mata taki. 'Yan'uwana iyaye, wanda ke da tsohuwa a gida yana kuma da waya mai ɗaukar murya, ya zaunar da ita ya ɗauki tatsuniyoyinta. Ni na fara da gwaggona a makon jiya, mun samu guda bakwai kafin ta ce barci take ji.



Naku mai karatu kullum,
wani manomi daga Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.