Ba A Ba Kura Ajiyar Nama

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana da ta tsaya mini a rai tun hutun damina. Maganar kuwa ita ce ta mutanen da ake naɗawa cikin kwamitocin ƙaramar hukuma.

A hutun nan na raka mahaifina wurin rabon takin zamani. Muka tsaya a layi tun hantsi har la'asar, sannan aka ce taki ya ƙare. Bayan kwana biyu sai ga irin buhunan nan jibge a shagon surukin wani ɗan kwamitin rabon, ana sayarwa da tsada. Mahaifina bai ce uffan ba, sai ya sayar da tunkiyarmu ya sayi buhu guda. Ni dai tun ranar nake tambayar kaina, wa ya zaɓi mutumin nan, kuma da wane ma'auni?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa mulkin ƙananan hukumomi, ba kantomomin riƙo ba. Madalla. To amma ƙuri'a ba ta kai ga kowace kujera. Kwamitin kasuwa, da na asibiti, da na makaranta, da na rabon taki da hatsi, duk naɗi ne. Wanda aka zaɓa yana tsoron ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Wanda aka naɗa kuwa, in ba ya tsoron Allah, ba ya shakkar kowa sai wanda ya naɗa shi. Saboda haka ya kamata a tankaɗe shi a rairaye tun kafin a ba shi kujera.

A ganina sharuɗɗa uku ne. Na farko, ya zama mazaunin wurin. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san abin da rashin tsaro ya yi wa noma da karatu. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Yaya mutumin da ya kwashe iyalinsa zuwa Kaduna ko Abuja zai san ƙauyen da ya fi bukatar agaji? Na biyu, ya san aikin, ko da ba shi da digiri. Na uku, kada ya zama mai cinikin abin da aka ba shi tsaro. Dillalin taki ba ya zama ɗan kwamitin taki, ɗan kwangila kuma ba ya zama alƙalin kwangila.

In an naɗa shi, sai riƙon amana. Wannan ba sabon abu ba ne. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati ya sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa, ya kuma hana shi karɓar kyauta saboda aikin. Ya wajabta masa bayyana dukiyarsa a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata in ya kama aiki, da bayan kowace shekara 4, da ranar da zai sauka. Shugabanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi duk suna ciki. Me zai hana ɗan ƙaramin kwamiti ya bi wannan sawu? In maganar ɗan'uwansa ta taso, ya tashi ya ba mutane wuri. In an yi rabo, a liƙa sunaye a ƙofar dagaci kowa ya gani.

Wani zai ce, ai wanda ya yi wahalar jam'iyya dole a saka masa. Ni kuwa na ce a saka masa daga aljihun wanda ya yi wa wahalar, ba daga takin talaka ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana, mu ma da namu. Firifet ɗin abinci da ke cika kwanon abokinsa ya rage na 'yan aji ɗaya, shi ne ɗan kwamitin gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar